Wutar da ta biyo ƙasa

Ranar da abin ya faru ba wani aiki mai haɗari muke yi ba. Mun gama feshin wasu ƙofofi, yamma ta yi, kowa na tattara kayansa. Tagogi duk a rufe suke tun rana, don kada ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti. Yaron da ke koyon aiki a hannuna ya zuba tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, a wani faffaɗan kwano na ƙarfe, ya kwance bindigar feshi yana wankewa, kamar yadda na koya masa, kamar yadda ni ma aka koya mini. Kwanon a ƙasa yake, baki buɗe, kuma wajen zubawa kaɗan ya malale a daɓe. Can gefe, tazarar da ba ta gaza taku takwas ba, wani abokin aikinmu ya sunkuya ya zare filogin injin goge katako daga soket ɗin da ke kwance a ƙasa, bai kashe injin ba tukuna. Ban ji wata ƙara ba. Abin da na gani shi ne wata shuɗiyar wuta siririya ta shimfiɗu a daɓe, ta taho da gudu kamar an ja mata layi, ta bi ƙarƙashin tebur, ta faɗa cikin kwanon. Kafin in buɗe baki kwanon ya kama, ƙafar wandon yaron ma ta kama.

Ya kwarma ihu, "Maigida! Maigida!", ya zabura zai yi ƙofa. Na sha gabansa na kayar da shi, na jawo wani bargon auduga mai kauri da muke lulluɓe kayan da aka gama, na danne ƙafar da shi. Ina cikin haka na hango wanda ya zare filogin ya taho da bokiti cike da ruwa, ya nufi kwanon. Dattijon da ke kula da sito ne ya daka masa tsawa: "Kai, ajiye bokitin nan! Kada ka watsa!" Shi kuwa ya ɗauko wani fallen ƙarfe, ya turo shi a hankali daga gefe har ya rufe bakin kwanon ruf. Wutar ta mutu nan take. Ya ce kada wanda ya ɗaga ƙarfen sai kwanon ya huce. Sannan ya juya ga mai bokitin ya nuna ƙafar yaron, ya ce, "Yanzu kawo ruwan, ga inda ake bukatarsa."

Duk wannan bai cika minti ɗaya ba. Ni kuwa na yi makonni tambaya guda na cina: yaya aka yi wuta ta tsallake taku takwas, babu takarda, babu tsumma, babu komai tsakanin soket da kwano? Da na tambayi dattijon sai ya ce, "Ai ba ruwan ke ci ba, ɗana, numfashinsa ne." Shekaruna da yawa ina aiki da tina, amma sai ranar na gane cewa rabin abin kawai nake gani.

Numfashin nan shi ne tururin da sinadaran narkarwa ke fitarwa da zarar an buɗe su. Tinar da muke amfani da ita haɗi ce, yawanci akwai toluwin da asiton a ciki, wani lokaci da zailin ko metanol. Kowanne daga cikinsu yana da matakin zafin da idan ya kai, tururinsa ya isa ya kama wuta in ya samu tartsatsi. Na asiton yana wajen digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Na toluwin digiri 4, na metanol wajen 11, na etanol 13. Wato babu ɗakin aikin da mutum zai tsaya a cikinsa da riga ɗaya, a ce waɗannan ba su riga sun shirya kamawa ba. Kananzir sai ya kai digiri 38 zuwa sama, dizal kuma ya haura 50, shi ya sa wanda ya saba da su yake ɗauka duk ruwa mai cin wuta haka yake da haƙuri. Tina ba ta da wannan haƙurin.

Abin da ya ba ni amsar tambayata shi ne nauyi. Mu dai in an ce tururi, tunaninmu abu ne mai tashi sama. Wannan ba ya tashi. Tururin asiton ya ninka iska nauyi sau biyu, na toluwin sau uku. Yana zubowa daga bakin kwano kamar ruwan da ido ba ya gani, ya kwanta a daɓe, ya bi gangare, ya taru a rami, a ƙarƙashin tebur, a cikin kwata. Kana tsaye hancinka na can sama, kana jin ɗan wari kaɗan, alhali idon sawunka na nutse cikinsa. Duk inda ya tarar da tartsatsi, wutar za ta biyo hanyar da ya bi ta dawo tushensa. Kuma ba ya bukatar yawa. Idan tururin asiton ya kai kashi 2.5 cikin ɗari na iskar wuri, ya isa; toluwin ma kashi ɗaya da ɗan ɗoriya kawai yake nema. Na zauna na yi lissafi da kaina: lita ɗaya ta asiton in ta ƙafe gaba ɗaya tana ba da tururi sama da lita 300, wanda zai iya mayar da iskar da ta kai kubik mita 13 abin fashewa. Ƙaramin sito ke nan guda.

Da na fara bin rahotannin hukumar CSB, mai binciken haɗurran sinadarai a Amurka, sai na ga kuskurenmu na rufe tagogi manya ma sun yi shi. A garin Danvers na jihar Massachusetts, ranar 22 ga Nuwamba 2006, wata masana'antar tawada da fenti ta tarwatse da wajen ƙarfe uku saura na dare. An tashi aiki an bar tanki mai ɗauke da sinadaran narkarwa yana ɗumama ba da sani ba, an kuma kashe na'urorin fitar da iska kamar yadda aka saba kowace yamma. Tururi ya cika ginin cikin dare har ya samu abin da ya kunna shi. Gidaje da dama a unguwar sai rushe su aka yi. Ba a rasa rai ba, domin mutane na kwance a gadajensu lokacin da gilasai suka yi ta tashi ta samansu. Na daɗe ina kallon hotunan unguwar nan.

Tartsatsin kuwa ba sai na ashana ko na walda ba. Makunnin fitila na yi, fanka na yi, injin huda na hannu na yi a cikin cikinsa duk lokacin da yake juyawa. Firjin gida yana da ɗan makunni a ciki da ke kunna kansa yana kashewa, saboda haka ajiye kwalbar sinadari a cikinsa "don kada ta ƙafe" haɗa tururi da tartsatsi ne a akwati ɗaya a rufe. Amma wanda na fi tsoro shi ne wanda ruwan ke haifarwa da kansa. Kowa ya san ƙarar nan ta ƙas-ƙas da ake ji in an tuɓe rigar nailan a busasshiyar iska. Toluwin da heksen da ire-irensu ba sa barin lantarki ya bi ta jikinsu ya fita, don haka idan suna gudu cikin tiyo ko suna faɗowa daga sama cikin duro, caji na taruwa, ya jira ƙarfe mafi kusa ya yi tsalle. A shekarar 2007 kamfanin Barton Solvents ya yi gobara biyu a kan wannan. A watan Yuli, a Valley Center ta jihar Kansas, tanki ya fashe ana cikin juye masa nafta daga motar dakon kaya, har aka kwashe mutanen gari kusan 6,000. A watan Oktoba kuma, a Des Moines ta jihar Iowa, wuta ta tashi ana cika wani tankin ƙarfe mai cin galan 300 daga sama, ruwan na fantsama, bakin tiyon ba a haɗa shi da wayar da za ta sauke cajin ba. Maganin ba wani abu mai wuya ba ne. Kafin in buɗe famfon duro, ina maƙala waya ɗaya daga duron zuwa gwangwanin da zan cika, wata kuma daga duron zuwa sandar ƙarfen da ke binne a ƙasa, kuma sai na kankare fenti bakin wayar ya ciji ƙarfe tsirara. Bakin tiyo ya sauka har kusa da gindin gwangwanin, a zuba a hankali. Jarkar roba ta gama-gari na daina amfani da ita wajen juye tina mai yawa.

Akwai maganar duron da ake kira fanko, kuma a nan raina yake ɓaci, domin mutane na mutuwa a kanta a banza. Duro mai cin lita 200 da aka juye sarai ya fi cikakke haɗari ga mai walda. Babban cokali ɗaya na asiton, wajen mililita 15, in ya ƙafe a ciki, ya isa ya cika duron da iskar da za ta fashe. Wane duro ne ake juyewa bai bar cokali ɗaya a lungunsa ba? Mutum ya zo da injin yanka ko wutar walda yana son ya fasa shi biyu, sai duron ya fashe, murfin ya yi sama. Sau da yawa ana zuwa neman tsofaffin durorinmu, kuma na sha yin gardama da masu cewa ai sun shinshina babu wari, ko sun ɗauraye da ruwa. Toluwin ba ya narkewa a ruwa, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. Ni dai duron tina ba ya fita daga hannuna zuwa wurin mai yanka. Komawa yake wurin wanda ya sayar mana.

Tsummokara ma nasu daban ne. Wanda aka jiƙa da tina tururi yake ta fitarwa a duk inda aka jefar da shi. Wanda kuma ya sha man linsid, irin da ake gyaran katako da shi, yana iya kama wuta shi kaɗai ba tare da kowa ya kusance shi ba, domin man na haɗuwa da iska yana fitar da zafi, tarin tsumma kuma na riƙe zafin. Haka gobarar ginin One Meridian Plaza ta fara a Filadelfiya a watan Fabrairun 1991, a hawa na 22, daga tsummokaran da ma'aikata suka bari, kuma 'yan kwana-kwana uku suka rasu a cikinta. Bokitin ƙarfe mai murfi muke da shi, kowane tsumma a ciki yake ƙarewa, kuma ba ya kwana a cikin gini.

Bari in koma kan bokitin ruwan nan, domin da dattijon bai yi tsawa ba, da labarin da nake bayarwa daban ne. Toluwin ya fi ruwa sauƙi, a samansa yake yawo. Ka watsa ruwa a kwanon tina mai ci, ruwan zai nutse ƙasa ya tunkuɗo tinar waje, ta malale a daɓe da wutarta, ta je ƙarƙashin kantar da galan-galan ke jere. Abin da ya kamata a hana wutar shi ne iska: murfin ƙarfe, bargon kashe wuta, busasshen yashi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iskar kabon, wato wadda aka rubuta wa harafin B. Mai kumfa ma tana yi, sai dai asiton da dangin barasa kamar metanol suna narkar da kumfa na gama-gari, sai an samu wanda aka yi musamman dominsu. Ruwa yana da wurinsa: sanyaya durorin da ke kusa da wuta daga nesa, da kuma jikin mutumin da ya kama. Waɗannan biyun kada a yi rowarsa.

Tukunyar kashe gobara ƙarama ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take ƙarewa, wanda bai taɓa matsa ta ba ba zai yarda ba sai ya gani. Shi ya sa nake gaya wa yarana: zare fil ɗin, nufi gindin wutar ba harshenta ba, matsa, ka share hagu da dama, kuma ƙofa ta kasance a bayanka. In tukunya ɗaya ta ƙare wutar ba ta mutu ba, ko ta kai ga kantar galan-galan, ko hayaƙi ya fara saukowa, aikinka ya ƙare. Fita, ja ƙofa, ƙirga mutanenka a waje, a kira 'yan kwana-kwana, a gaya musu takamaiman abin da ke ciki da yawansa. Kiran ma bai kamata ya jira sai an gwada an kasa ba. Mutum ɗaya na fama da wutar, wani na kira. Kuma a kula da metanol, harshen wutarsa da kyar ake ganinsa da rana. A wani gidan nune-nunen kimiyya a Reno ta jihar Nevada, a watan Satumban 2014, an ƙara metanol daga babbar kwalba a kan abin da ake zaton bai kama ba, wuta ta shiga kwalbar ta feso waje, mutum 13 suka ji rauni, yawancinsu yara.

In kuwa zubewa aka yi wuta ba ta tashi ba tukuna, wannan shi ne lokacin da hannu ke saurin yin kuskure. Abin da zuciya ke faɗa wa mutum shi ne ya kunna fanka ta kore warin. Kada a taɓa kowane makunni a ɗakin, ko don kunnawa ko don kashewa, kada a zare filogi. A faɗa da ƙarfi kowa ya ji, waɗanda ba su da aiki a wurin su fita, a buɗe ƙofofi da tagogi da hannu. In babban makunnin gini yana waje nesa da tururin, a kashe daga can. Sai a zagaye abin da ya zube da yashi tun daga gefe, a fara tare hanyar kwata, domin tururin da ya shiga magudana yana iya zuwa ya fashe a wurin mutanen da ba su san an yi ba. Garin katako ba abin tsotse tina ba ne, ƙara mata abin ci ne, ko da yake shi ne ya fi kusa da hannu a wurin aiki irin namu. A kwashe yashin da abin da ba ya tartsatsi, a zuba a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a fitar waje. In abin ya fi ƙarfin bokitin yashi biyu, ko kai ya fara juyawa, a bar shi a fita.

Juyawar kan nan ma gargaɗi ce da muke rainawa. Hanci na sabawa da wari cikin ɗan lokaci, sai mutum ya ce ai ya tafi, alhali hancin ne ya gaji. Ciwon kai, jiri, jin kamar maye, duk alamar tururin ya shiga jini ne. Takunkumin ƙura ba ya tare shi ko kaɗan, sai mai gwangwanin gawayi na tururin sinadarai, shi ma yana cika a canza. Safar hannu ta naitiril da ake yawan sawa asiton na ratsa ta cikin mintuna, ta roban butil ce ke jure masa, ita kuma ba ta jure toluwin. Wanke hannu da tina bayan aiki, wanda na yi shekaru ina yi, yana cinye maiƙon fata ya bar ta a tsage. Wanda tururi ya kayar, a fitar da shi iska, amma kada mai ceto ya faɗa rufaffen wuri ya zama na biyu. In ya fantsama a ido, ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, ido a buɗe. In an haɗiya, kada a sa mutum amai, domin in ya koma huhu ya fi ɓarna. Asibiti kai tsaye, a tafi da gwangwanin. Metanol kaɗan na makantarwa, kuma alamunsa kan yi jinkiri, don haka "ai ya warware" ba dalilin zama ba ne. Kwalbar ruwan sha kuwa ba a zuba sinadari a cikinta, ko na minti biyar ne.

Duk wannan a rubuce yake, abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Alamar harshen wuta cikin jan murabba'i mai tsaye a kan kusurwa, wadda ke jikin kowane gwangwani, daga tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya take, wanda aka fara bugawa a 2003. Kowane sinadari kuma yana da takardar bayanan kariya mai sashe 16: na 4 taimakon farko, na 5 kashe gobara, na 6 abin yi in ya zube, na 7 ajiya, na 8 kayan kariya, na 9 kuma a nan matakin kamawarsa yake. Haƙƙin mai saye ne ya nema a ba shi. Namu suna cikin wani fayil a ofis, ban taɓa buɗewa ba sai bayan gobarar. Yanzu a manne suke a bango kusa da ƙofa, na ja layi a ƙarƙashin sashe na 4 da na 5 da na 6.

Ƙafar yaron mun riƙe ta ƙarƙashin famfo minti 20 cur, ina duba agogo, yana kuka yana cewa ya isa. Ruwa mai sanyi na famfo, ba ƙanƙara ba. Wani ya kawo shawarar a shafa man goge baki, dattijon ya hana, ya ce babu abin da za a shafa. Wandon na roba-roba ne, ya narke ya manne a wuri ɗaya. Muka yanke kewayensa da almakashi, muka bar abin da ya manne, muka rufe da tsabtataccen ƙyalle muka tafi asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta tambayi minti nawa muka yi da ruwa, da na faɗa mata sai ta gyaɗa kai. Wurin da yadin ya narke ne ya fi zurfi, shi ne kuma ya bar tabo. Tun daga nan kayan auduga kawai ake sawa a ɗakin feshi.

Soket ɗin mun cire shi daga ƙasa, injin goge katako ya koma wani ɗaki. Bindigar feshi a gwangwani mai murfi ake wanke ta, a waje, da tina kaɗan. Abin da za a yi aiki da shi a yini kawai ke shigowa, sauran na cikin kabad ɗin ƙarfe a kulle. Yaron nan yanzu shi ke karɓar sababbin masu koyo. Makon jiya na leƙa na same shi da wani sabo, ko bindigar feshi bai ba shi ya riƙe ba tukuna. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna masa tabon, sannan ya ce ya kwanta a daɓe, ya rufe fuska da tafin hannu, ya mirgina. Sabon yaron na jin kunya, ya yi sau ɗaya ya miƙe. Ya ce masa, "Ƙanena, koma. Sai ka yi sau uku."